Gogen Sinawa mai fatar mesa: in ta saki, ta guza za ta iya maye gurbinta?

Maigoge Daura

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya ce ke tafe da ni, kuma na fi son jin ta bakin waɗanda suka zauna ƙasar Sin ko suke shiga suna fita.

Haɗa goge da kukuma gadon gidanmu ne. A hannun kakana na koyi fafe ƙwarya, da ɗaura fatar guza tun tana da laushi, da zaɓen tsagiya daga wutsiyar doki. Ƙanena mai sayo kayan waya daga Guangzhou ya yo mini tsarabar wani abin kiɗa nasu, ya ce erhu suke ce masa. Ina buɗe jakarsa na gane dangin goge ne, amma dangi na nesa. Tsirkiyarsa biyu, kuma wayar ƙarfe ce, ba tsagiya ba. Cikinsa ba ƙwarya ba ce, wani ɗan akwati ne mai kusurwa shida da aka haɗa da itace ja mai duhu, ga nauyi ga santsi. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne izgar: gashinta a tsakanin tsirkiyoyin biyu aka ratsa shi. Ka danna ciki ka taɓa ɗaya, ka saki waje ka taɓa ɗayar. Yatsa kuwa ba ya kai tsirkiya jikin wuya, a iska ake tare ta, yadda mu ma muke yi.

Fatar bakinsa ce damuwata. Ɓawonta manya ne, da zane ruwan ƙasa da baƙi, ni dai idona ya ce mini mesa ce. Tun da damina ta kankama muryarsa ta dushe, jakin da tsirkiya ke hawa ya ɗan nutse cikin fatar, in ka goga sai ka ji gunji maimakon kuka. Da gogenmu ne da tuni na kara shi kusa da garwashi fatar ta ɗame. Wannan kuwa ina shakkarsa, ba ni na haɗa shi ba.

Shin in fatar ta ƙi dawowa, zan iya ɓare ta in ɗaura ta guza? Sannan ƙanen nawa ya zo mini da wata magana da ta tsaya mini a rai: wai Sinawa ba sa kasa kayan kiɗa yadda muke kasawa, na busa daban, na bugawa daban, na tsirkiya daban, wai da abin da aka ƙera su suke kasa su. In haka ne ina son bayani, domin wannan zance ne na masu aikin hannu irina.

Alhaji Yiwu

Wa alaikumus salam Malam. Mesa ce, idonka bai ruɗe ka ba. Amma don Allah ka raba shi da garwashi. Fatar nan ba ƙusa ko ɗinki ke riƙe da ita ba, manna ta aka yi da gam bayan an ja ta da ƙarfi, kuma akwatin kansa ɓangarori shida ne aka manna. Zafin wuta na iya sa gam ya saki ko itacen ya tsage, ka ga an gudu ba a tsira ba.

Abin da na ga masu shagunan kayan kiɗa na yi shi ne, in an gama kiɗa sai su cusa fensir ƙarƙashin tsirkiyoyin a gicciye, ya hau gefe da gefe na akwatin, nauyin tsirkiya ya sauka daga kan jakin, fata ta huta. A cikin jakar kuma su jefa irin ƙananan ƙunshin nan masu tsotse laima da ke zuwa a kwalin takalmi. Kudancin ƙasarsu ya fi daminar Daura laima, kuma da haka suke lallaɓawa. Ni hunturu na fi jiye maka, lokacin da iska ke fasa leɓe. A lokacin a jaka zai riƙa kwana, nesa da taga.

Ka kuma duba ko akwai wani ɗan kati mai lamba. Tun farkon 2005 hukumar kula da gandun dajin ƙasar ta sa dokar cewa kowane erhu mai fatar mesa sai da shaidar cewa mesar ta kiwo ce, ba ta daji ba, kuma guda biyu kawai aka yarje wa matafiyi ya fita da su. Mai sari sai ya nemi takardun fitarwa daban. Ka adana katin, ranar da za ka tsallaka iyaka zai yi maka rana. Akwai na masu yawon buɗe ido da ake yi da roba a buga mata zanen mesa, amma roba ba ta sakin jiki da damina, don haka taka ta gaske ce.

Maganar kasa kayan kiɗa kuwa ta 'yan makaranta ce. Akwai 'yarmu da ke karatu a Wuhan a zauren nan, bari ta shigo.

Ɗalibar Wuhan

Baba Maigoge, ina gaisuwa. Alhaji ya jefo ni, to bismillah. Ni ba makaɗiya ba ce, injiniyanci nake karantawa, amma gidan tarihin lardin Hubei yana cikin garin nan, kuma duk baƙon da ya zo daga gida can nake kai shi, har abin ya shiga raina.

Ƙaninku gaskiya ya faɗa. Tsohon tsarinsu ana ce masa bayin, sautuka takwas, kuma yana rubuce a littafin ƙa'idojin daular Zhou, wadda ta yi mulki daga wajen 1046 zuwa 256 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Takwas ɗin su ne ƙarfe, dutse, siliki, gora, duma, yumɓu, fata da itace. A ganinsu abin da aka yi kayan da shi ne ke da muryar, makaɗi tashinta kawai yake yi. Ina jin ku da kuke ƙwanƙwasa ƙwarya kafin ku saya za ku riga malaman jami'a yarda da wannan.

Ga inda abin yake da ban dariya. Erhu ɗin da ke hannunku akwai fatar mesa a jikinsa, akwai itace, akwai gashin doki, sandar izgar gora ce, tsirkiya ƙarfe. Amma in kun tambayi Basine a wane gida yake, sai ya ce gidan siliki. Dalili kuwa, har zuwa tsakiyar ƙarni na 20 tsirkiyarsa zaren siliki ce da ake murɗawa a dafa cikin gam ta yi ƙwari. Muryar siliki taushi gare ta, ba ta cika babban ɗaki, tana saurin tsinkewa, kuma laima na canza mata sauti. Daga shekarun 1950, da aka fara haɗa manyan ƙungiyoyin makaɗa masu wasa a ɗakunan taro da gidan rediyo, sai aka koma wayar ƙarfe, ko ƙarfen da aka naɗe da nailan. Kaya ya canza, gida bai canza ba. Har yau a wuraren shan shayi na Shanghai tsofaffi na haɗuwa su yi kiɗan da ake kira na siliki da gora, alhali da wuya a sami zaren siliki ɗaya a jikin abin da suke riƙe da shi.

Inda siliki bai mutu ba shi ne wajen guqin. Wani dogon allo ne mai tsirkiya 7 da ake kwantarwa a kan tebur, da ɗigo 13 masu sheƙi a gefe da ke nuna wa yatsa wurin sauka. Kayan malamai ne da masana, irin wanda mutum ke kaɗa wa kansa ko amininsa ɗaya. Akwai masu kaɗa shi da har yanzu ba su yarda da ƙarfe ba, sun fi son ɗan shuu ɗin da yatsa ke yi in ya zame a kan siliki. Haɗinsa zai burge ku. Allon sama itace ne marar nauyi mai laushi da suke kira tong, na ƙasa kuma mai ɗan tauri, a fafe su a haɗa baki. Sai a kwaɓa ɗanyen ƙaron wata bishiya, wanda in ya taɓa jikin wanda bai saba ba sai ƙuraje su feso, da garin ƙahon barewa, a shafe jikin, a bari ya bushe, a goge, a sake shafawa. Aikin kan kai shekara ko fiye. Garin ƙahon ne ke ba fuskar taurin da tsirkiya ba za ta cinye ta ba, kuma ba ya toshe murya. Na araha da garin ƙonannen yumɓu ake yi.

Tsohon itace suke nema, irin azarar gida ko ta wurin ibada da aka rushe, wadda ta gama bushewa tun zamanin kakanni. In guqin ya daɗe shafen jikinsa yakan yi ƙananan tsage-tsage, su kuma ado suka ɗauke shi da shaidar shekaru. A 2010 an yi gwanjon wani na fadar sarki Huizong na daular Song, ƙirar 1120, a kan sama da yuan miliyan 136. Akwai ma labarin da suke bayarwa na wani masani, Cai Yong, a ƙarshen daular Han: wai ya jiyo ƙarar wani itace da ke ci a murhu, ya tashi a guje ya zare shi daga wuta, domin daga yadda yake fashewa ya gane itacen kiɗa ne. Aka yi guqin da shi, gindinsa da tabon ƙuna.

Gidan ƙarfe kuwa shi ne abin alfaharin lardin da nake. A 1978 aka tono kabarin wani basarake, Yi na ƙasar Zeng, a Suizhou, aka sami ƙararrawa 65 na tagulla, yawancinsu suna rataye a kan katako hawa uku yadda aka jera su a wajen 433 kafin haihuwar Annabi Isa. Nauyinsu gaba ɗaya ya haura tan biyu da rabi, babbar cikinsu ita kaɗai ta wuce kilo 200. Ba su da harshe a ciki, da gudumar itace da dogayen sanduna ake bugunsu. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kowace ƙararrawa sauti biyu gare ta. A bugi tsakiyar bakinta ta ba da ɗaya, a bugi gefe ta ba da wani, kuma ba sa cakuɗewa. Sirrin yana ga siffar: bakin ba zagayayye ba ne, a matse yake da kusurwa biyu, dama da hagu. Wannan siffar ce kuma ke sa amon ya mutu da wuri, bai hau kan na gaba ba, shi ya sa ake iya kaɗa waƙa da su. Maƙeran sun san adadin kuzar da za su zuba cikin jan ƙarfe, bayan an zuba kuma suka riƙa kankare cikin kowace har sautin ya zauna, sannan suka rubuta sunayen sautukan a jikinsu da zinari. Na asalin suna bayan gilashi, kwafinsu ake kaɗa wa baƙi. A kabarin dai an sami faifan dutse 32 masu lanƙwasa da ake ratayawa ana ƙwanƙwasawa, kauri da tsawo ke raba muryarsu.

Saura zan bi ta kansu da sauri. A gidan yumɓu akwai xun, ɗan abu mai siffar ƙwai da ake busawa ta sama. Gangunansu fatar sa ce ko ta ɓauna da ake kafewa da manyan ƙusoshi, shi ya sa ba a matsa su a canza murya irin kalangu. A gidan itace akwai akwatin da ake bugawa a buɗe kiɗan fada, da wata damisar katako a kwance mai haƙora 27 a gadon baya, a ja mata tsintsiyar gora a rufe taro. Na duma shi ne sheng, tarin bututun gora, a al'ada 17, tsaye a gindi ɗaya, masu 'yan harsunan tagulla a ciki. A busa ya yi kuka, a zuƙa ya yi kuka. Gindin nan da duma ne, yanzu kusan duk ƙarfe ne ko itace. Duman gaske ana samunsa a Yunnan, inda ƙabilar Dai ke busa hulusi.

Maigoge Daura

Allah ya yi miki albarka 'yata, ya ba da sa'ar karatu. Alhaji, katin yana nan a aljihun jakar, na kuma sa fensir.

Maganar mutumin da ya zare itace daga wuta ban ɗauke ta tatsuniya ba. Kakana in ya je sayen ƙwarya ba kyau yake duba ba, ɗan yatsa yake sa mata ya kara a kunne. Cikin tari guda sai ya ɗauki biyu ya bar saura ga masu fura. Amma ba ki ba ni amsar guza ba. Sannan wannan jan itace na akwatin, launinsa da jijiyarsa sun so su yi mini kama da madobiya. Ko ita ce?

Tsohon Malamin Daji

Malam Maigoge, ka sosa mini inda ke ƙaiƙayi. Aikin gandun daji na yi har na yi ritaya, kuma a Taraba na ƙare.

Ba ka yi nisa da gaskiya ba. Itacen da Sinawa suka fi darajantawa wajen erhu shi ne zitan, jan itace daga kudancin Indiya, kuma a ilimin tsirrai gidansu ɗaya da madobiya. Da ya yi wuya ya yi tsada sai suka koma ga danginsa na kudu maso gabashin Asiya da na Afirka, da baƙin itace dangin kanya. Wasu ma tsofaffin kujeru da gadaje suke saye su farfasa, saboda itacen ya riga ya gama motsi. Nauyi da tauri suke nema, kada akwatin ya shanye sautin, ya mayar wa fata da shi.

Ita madobiyar tamu, wadda 'yan katako ke kira koso, kujeru da gadajen alfarma ta fi tafiya yi. Erhu nawa za a haɗa kafin a cinye gungume guda? Amma mun ga abu da idanunmu. Shekarun da kasuwarta ta tashi tireloli ke fita da ita dare da rana zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas, har wuraren da makiyaya ke sassabo ganyenta su ba shanu da rani suka koma fili. A 2017 aka sa ta cikin jerin yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, a 2018 aka dakatar da cinikinta daga Najeriya, amma bayan ɓarna ta riga ta auku. Kuma tunda zancen yarjejeniyar ya zo, guzar da kake son ɗaurawa ita ma tana cikin jerin, daidai da mesa. Ranar da wani baƙo ya sayi gogenka zai hau jirgi da shi, takarda za a tambaye shi.

Wanda nake so 'yan zaure su ji shi ne labarin itacen tong da ɗalibarmu ta ambata, domin labarin aikinmu ne. Akwai wata gunduma, Lankao, a lardin Henan, kan tsohuwar hanyar Rawayen Kogi. Yashi na binne gonaki, ga gishiri a ƙasa, ga ambaliya, mutane na barin gari suna tafiya bara. A 1962 aka tura wani jami'i, Jiao Yulu, ya sa jama'a dasa wannan bishiya a jere don ta kare iska ta riƙe ƙasa, saboda saurin girmanta. Bai ga ƙarshen aikin ba, ya rasu a 1964. Bayan shekaru aka gano cewa tong ɗin da ya tashi a wannan yashi yana da kyau ƙwarai wajen allon fuskar guzheng, babban allon nan mai tsirkiya 21, da pipa, molonsu mai tsirkiya 4: ba nauyi, ba lanƙwashewa, ga amo. Suna ba da labarin cewa wani mai haɗa kayan kiɗa daga Shanghai ne ya fara lura, daga ƙarar akwatin zuga wuta na wani ɗakin girki da aka yi da itacen. Yau akwai ƙauyuka a Lankao da sana'arsu ke nan, manoma sun zama masu haɗa guzheng. Mu ma mun dasa darbejiya da turare a jere don tare hamada, amma ba mu zauna mun tambayi me za a ƙera da itacen in ya girma ba, ban da a sare a dafa tuwo.

Ɗalibar Wuhan

Baba, ban manta da guza ba. Su kansu Sinawa ba su tsaya kan mesa ba. Dangin erhu yawa gare su. Jinghu na wasan kwaikwayon Beijing cikinsa gora ce, fatarsa ta ƙaramin maciji, murya siririya mai huda kunne. Banhu na arewa ba fata sam, siririn allo ne a bakinsa. A kudu akwai na ƙoƙon kwakwa, ƙabilar Zhuang kuma na da na duma, har da na ƙashin ƙafar doki. Babbar ƙungiyar makaɗan gargajiya ta Hong Kong ma ta sauya fatar mesa da wata leda mai ƙwari, dangin robar ruwan sha, wadda ba ta canza hali da yanayi kuma ba a tambayarta takarda a filin jirgi. Don haka a sana'ance ba abin ƙi ba ne. Sai dai a ra'ayina kada ku taɓa wannan. Kaurin fatar da faɗin akwatin da jan wayar tare aka auna su, kuma da na'urar matsi suke jan fatar kafin su manna. Wayar ƙarfe biyu sun fi tsagiya danne jaki nesa ba kusa ba. In kun ɓare, abin da za ku samu ba erhu ba ne, ba kuma goge ba. Gara ku haɗa sabo daga tushe da kayanku.

Na tsallake gidan gora ɗazu, kuma a nan ne zancen ya biyo ta ƙofar gidanmu. Sarewarsu, dizi, a gicciye ake busa ta, ramukan yatsu 6. Tsakanin ramin busa da na yatsu akwai wani rami na daban da ake rufewa da wata 'yar yana da ake cirowa daga cikin karan bakin ruwa, ta fi ɓawon albasa sirantaka. Ita ke rawa ta ba dizi zizarta mai kaifi, kuma ba a manna ta a miƙe, sai an ɗan tattare ta. Gorar sai ta shekara uku ko fiye kafin a sare, a ajiye ta bushe, a naɗe ta da zare wuri-wuri don kada ta tsage.

Abin da ake manna yanar da shi zai ba mutanen Maraɗi da Maigatari mamaki: ejiao ne, gam ɗin da ake dafawa daga fatar jaki. A jiƙa ɗan gutsure da ruwa a shafa gefen ramin. Shi ne dai abin da ya sa fatar jaki ta yi tsada a kasuwanninmu, har Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da hana yanka su don fata a Fabrairun 2024. Kada a ɗora wa masu sarewa laifi, gutsure ɗaya na kai mutum shekaru; magani da kayan gyaran jiki ne ke cinye jakunan. Wanda ba shi da ejiao ruwan tafarnuwa yake shafawa, kuma yana kamawa. Sarewa mafi tsufa a ƙasar ma ba ta gora ba ce: a Jiahu, a Henan, an tono na ƙashin fiffiken wani tsuntsu ɗan'uwan gauraka, masu kusan shekara 9,000, kuma akwai wadda aka busa ta yi kuka.

In kuwa kuka ji suona a bikin aure ko jana'iza a ƙauye za ku rantse algaita ce. Jikin itace, baki mai faɗi na tagulla, ɗan kara a matse a leɓe, mai busa ya cika kumatu yana jan numfashi ta hanci sauti bai yanke ba. Ba kamar banza ba ce. Daga wajen Farisa ta shiga Sin, algaita kuma ta Arewacin Afirka ta iso mana, tushen gidan ɗaya ne. Da yake ta zo bayan an gama rabon gidaje takwas, sai aka raɓa ta a gidan gora tare da sauran na busa.

Maigoge Daura

Na ji, na kuma karɓa. Fatar mesa ta zauna lafiyarta. Ina da wani ƙoƙon duma mai kauri da na ajiye tun kakar bara, shi zan fafe in ɗaura masa guza, in kafa dogon wuya, in ja tsagiya biyu maimakon ɗaya, in ratsa izga a tsakani in ji abin da zai ce. Wahalar da na hango ita ce gashi zai goga gashi ta fuska biyu, sai ƙaro ya kama ciki da waje. Alhaji, in ƙanena zai sake tafiya, me zan ce ya sayo mini na gyara?

Alhaji Yiwu

Tsirkiya, kuma ka gaya masa biyu-biyu suke zuwa a ƙunshi: ta ciki ta fi kauri, ta waje siririya, kada a musanya su. Ya haɗo da jakunan tsirkiya na itace iri-iri, araha gare su kuma kowane da muryar da yake bayarwa. Sai ƙaron izga irin nasu, da ɗan ƙyallen ulu da ake cusawa ƙarƙashin jakin, shi ke kashe ƙarar banza. Zaren da ke ɗaure tsirkiyoyin da wuya kuwa kada ya ɓata kuɗinsa, zaren ɗinkin takalmi mai kakin zuma na kasuwarku ya isa. In har zai sayo erhu na biyu, ya tabbata an ba shi kati tun a shago, kada ya bari sai a filin jirgi.